Yadda ake kai ƙarar cin hanci a Yukren, a kuma bi sawunta, alhali ƙasa na ƙarƙashin dokar soja

Aikina a nan Yukren riƙe takardu ne. Karatu ya kawo ni, aure da neman abinci suka zaunar da ni, yaƙi kuma ya riske ni ina yi wa wani ƙaramin kamfani lissafi da rubuce-rubucen kwangila. Sana'ar kamfanin saka tagogi da ƙofofi ce, sana'ar da tun 2022 ba ta rasa kasuwa ba, don duk inda makami mai linzami ya faɗi, gilasan unguwa guda ne ke zubewa. A hunturun 2023 muka gama saka tagogi a wani ginin gwamnati, sai takardar karɓar aiki, wadda a nan ake ce wa "akt", ta maƙale a teburin wani jami'i. Ba a biyan ɗan kwangila ko hiribniya ɗaya, wato kuɗin ƙasar, sai an sa hannu a wannan takarda. Mako uku ina sintiri. A zuwa na huɗu ya jawo kalandar teburinsa, ya rubuta 10 a gefe, ya juyo mini ita na gani, sannan ya yage gefen ya cusa a aljihu. Da na ce to a ba ni dalilin jinkirin a rubuce, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce yanzu yaƙi ake yi, komai sirri ne.

Uwar ɗakina, mai kamfanin, dattijuwa ce, ɗanta yana fagen daga. Da na kai mata labari ta daɗe ba ta ce uffan ba, can ta ce in nemo lauya, don kuɗin da take tarawa ta saya wa rundunar ɗanta mota ba za su shiga aljihun wani mai kalanda ba. Abin da zan faɗa a ƙasa daga wannan zirga-zirgar na koye shi, sauran kuma daga bin shari'o'in manya da na zama kamar mai jarabar kallonsu tun daga lokacin.

Fara da sanin abin da dokar soja ta ɗauke da wanda ta bari

Shugaba Zelenski ya ayyana dokar soja ranar 24 ga Fabrairun 2022, ranar da Rasha ta afka wa ƙasar gaba ɗaya, majalisar dokoki ta amince, ana kuma sabunta ta lokaci zuwa lokaci, galibi kwana casa'in-casa'in. Sunan na iya ruɗar mutum. Soja bai karɓi mulki ba. Shugaban farar hula yana nan, majalisa tana zama, kotuna na aiki. Abin da ya sauya shi ne an dakatar da zaɓe, an sa dokar hana fita da dare, an hana yawancin mazan da suka isa aikin soja fita ƙasar, an kuma mayar da mahukuntan yankuna ƙarƙashin tsarin gudanarwa na soja.

Sashe na 64 na kundin tsarin mulki shi ne na fara haddacewa, kai ma shi za ka fara riƙewa. Ya jera haƙƙoƙin da ba a taɓawa ko ana cikin dokar soja, a cikinsu akwai haƙƙin rubuta wa hukuma koke a kuma ba ka amsa, da haƙƙin zuwa kotu, da haƙƙin samun lauya, da cewa mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Doka ta kuma hana kafa kotunan gaggawa, ta hana gajarta shari'a da sunan yaƙi. Kotunan soja ma an soke su tun 2010. Ke nan janar ɗin da ya ci kuɗin kwangila gaban alƙalin farar hula zai gurfana. Don haka duk jami'in da ya ce maka ba zai amsa takardarka ba saboda yaƙi, ƙarya yake yi. Akwai abubuwan da yaƙi ya rufe da gaske, zan zo kansu, amma yawancin wahalar mai kai ƙara ita ce rarrabe ƙofar da doka ta kulle da wadda wani ya jingina jikinsa kawai ya ce a kulle take.

Wace ƙofa za ka ƙwanƙwasa

Lauyan da muka samu tambaya uku ya yi mini kafin ma in zauna: wane ne mutumin, nawa ne kuɗin, kuɗin wa ne. Amsar waɗannan ce ke nuna hukumar da ke da hurumi, kuma nan ne mutane suka fi ɓata lokacinsu, don kowa NABU ya sani.

NABU ita ce hukumar bincike. An yi dokar kafa ta a 2014, bayan zanga-zangar da ta kori shugaban ƙasa Yanukovich, ta fara aiki a 2015. Jami'anta ana ce musu detektif, kuma manya aka ɗora mata: ministoci da mataimakansu, 'yan majalisa, alƙalai, manyan masu gabatar da ƙara, janar-janar, shugabannin manyan kamfanonin gwamnati, sai kuma duk wata badaƙala da kuɗinta ya haura wani adadi da doka ta yanka. Semen Kryvonos ne ke shugabantarta tun Maris 2023. Ba ta kai ƙara kotu da kanta. Wannan aikin SAPO ne, ofishin masu gabatar da ƙara na musamman, wanda Oleksandr Klymenko, tsohon detektif ɗin NABU, ya karɓa a Yulin 2022. Shari'ar kuma a Babbar Kotun Yaƙi da Rashawa ake yin ta, wadda ta buɗe a Satumban 2019. Waɗannan ukun tamkar duwatsun murhu suke, in aka zare ɗaya tukunya ta kife.

Sai NAZK, wadda mutane ke yawan haɗa ta da NABU saboda kamannin suna. Ita ba ta kama kowa. Rigakafi ne aikinta: takardun bayyana kadara, rikicin muradi tsakanin muƙami da aljihu, kuɗin jam'iyyu, da kare masu fallasa. Akwai ARMA mai kula da kadarorin da aka ƙwace. Akwai DBR, ofishin bincike na ƙasa, mai bin laifukan 'yan sanda da na sojoji da ba su kai hurumin NABU ba. Shi ne ya riƙe batun Yevhen Borysov, shugaban ɗaukar sojoji na yankin Odesa da 'yan jarida suka gano iyalinsa sun mallaki gida a Marbella ta Sifaniya ana tsaka da yaƙi, abin da ya kai ga Zelenski ya sallami dukkan shugabannin ɗaukar soja na yankuna a Agustan 2023. In maganar ta shafi haɗa baki da abokan gaba, to ta SBU ce, hukumar tsaron ƙasa. Ƙananan jami'ai da ƙananan kuɗi kuwa na 'yan sanda ne.

Mutuminmu mai kalanda ƙaramin kifi ne, kashi goman nasa ma bai kai adadin ba. Lauya ya ce 'yan sanda za mu. Na ji ba daɗi, don na riga na ƙiyasta motocin NABU a ƙofar ofishin. In ka aika wa NABU abin da ba nata ba, za ta miƙa shi inda ya dace, sai dai ka yi asarar makonni, shi kuma wanda kake ƙara ya samu sararin gyara takardunsa.

Abin da za ka riƙe a hannu, da abin da ba za ka taɓa ba

Tun ranar farko ka buɗe littafi. Rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa, wane ɗaki, wa ke wurin, me aka faɗa kalma da kalma. Duk buƙatar da za ka yi wa ofishi ka yi ta a rubuce, kwafi biyu, a buga maka hatimin shiga a naka da lamba da kwanan wata. Hatimin nan ƙarami ne amma shi ke firgita jami'i, don daga ranar da aka buga shi agogo ya fara tafiya. Ajiye lambar kwangilar da ta shafin Prozorro, kasuwar kwangilolin gwamnati ta intanet. Ka ɗauki hoton komai ka adana a wuri biyu. A nan wutar lantarki kan ɗauke na awanni, gini kan ƙone da dare ɗaya, takardar da ke ɗaki guda kaɗai ba takarda ba ce.

Kada ka ba da kuɗin da kanka da niyyar kama mutum. Bayar da cin hanci laifi ne kamar karɓarsa. Doka na yafe wa wanda ya kai kansa ya ba da rahoto kafin a tuhume shi, ya kuma taimaka wa bincike, amma tarkon miƙa kuɗi masu alama masu bincike ne ke haɗa shi, da izini, da naɗar murya da hoto. In ka yi gaban kanka, kai za ka koma wanda ake tuhuma. Kada kuma ka ce wa mutumin za ka kai ƙararsa. Ka ce za ka yi shawara da mai kamfani, ka fita.

Ga kuma ƙofar da yaƙi ya kulle da gaske. Tun Maris 2022 aka ƙara sashe na 114-2 a dokar manyan laifuka, wanda ya haramta yaɗa bayanin motsin sojoji, wuraren da suke, da zirga-zirgar makamai. Idan almundahanar da ka gani ta shafi sansanin soja, rumbun kaya, ko ramukan kariya da aka biya kuɗinsu ba a haƙa ba, to kada hannunka ya yi maka ƙaiƙayin sakawa a Facebook ko Telegram. Ka kai wa mai bincike hannu da hannu, shi yana da izinin ganin sirri. Mutum na iya zuwa da gaskiyarsa ya ƙare a ɗaure saboda hoto guda da ya nuna inda bai kamata ba.

Hanyoyin kai rahoto suna da yawa: takarda, waya, shafin hukumar, ko zuwa da ƙafa. NABU tana Kiyef, tana da rassa a Lviv, Odesa da Kharkiv. A Satumban 2023 NAZK ta buɗe dandali guda na masu fallasa. Ana karɓar rahoton da ba suna muddin ya ambaci takamaiman mutum ya kuma ƙunshi abin da za a iya tantancewa. Amma ka san bambancin: wanda doka ke kira mai fallasa shi ne wanda ya samu bayanin ta hanyar aikinsa, sana'arsa ko karatunsa. Shi ne ba a korarsa daga aiki saboda rahoton, shi ne kuma a manyan shari'o'i zai iya samun kashi goma cikin ɗari na kuɗin bayan hukunci, da iyakar da doka ta sa. Ban ba kowa shawarar ya shiga wannan don ladan ba. Shekaru ake jira.

Awa ashirin da huɗu

Wannan gajere ne amma shi ne ƙashin bayan komai. Sashe na 214 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ya ce idan ka kai rahoton laifi, dole cikin awa 24 a shigar da shi rajistar bincike ta ƙasa. Kafin a shigar, babu bincike, hira ce kawai. Saboda haka ka nemi takardar shaidar shigarwa mai ɗauke da lambar shari'a. In an ƙi, kana da kwana goma ka kai kuka gaban alƙalin bincike, wato alƙalin da ke sa ido kan masu bincike, shi kuma yana iya tilasta musu. Namu sai da lauya ya ambaci kwana goman nan a waya, da murya mai sanyi, kafin lambar ta fito.

Abin da ke faruwa a ciki bayan ka fita

A makonnin farko na yaƙi komai ya hargitse. Jami'an NABU da dama sun ɗauki bindiga, wasu sun koma taimakon tsaro da bin sawun kadarorin Rashawa, an rufe rajistocin gwamnati don kada maƙiyi ya shiga. Wa'adin shugaban NABU na farko, Artem Sytnyk, ya ƙare a Afrilun 2022, kujerar ta yi kusan shekara a hannun riƙo. Daga baya aiki ya dawo, har ya fi na da nauyi, don kuɗin da ke yawo ya ninka.

Sashe na 615 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka shi ne dokar bincike ta lokacin yaƙi. Ya yarda a yi samame da dare. Ya yarda a yi binciken gida ba tare da shaidu biyu na waje ba idan kawo su haɗari ne, da sharaɗin a ɗauki bidiyo ba yankewa. Inda alƙalin bincike ba ya iya aiki sam, shugaban masu gabatar da ƙara na iya ɗaukar wasu daga cikin ikonsa. A 2022 har an taɓa tsawaita tsare mutum ba da izinin kotu ba zuwa awa 216, kafin a dawo da shi awa 72 a cikin shekarar. A ganina dawowar nan ta fi komai nuna cewa akwai masu sa ido, don iko irin wannan in ya shiga hannu ba ya son fita.

Binciken manya a ɓoye ake yin sa, wata da watanni, da naɗar murya da jami'an da ke shiga rigar 'yan kwangila. Kai da ka kai rahoto ba za a riƙa ba ka labari ba, kada shirun ya sa ka zaci an watsar. Ranar da abu ya fito fili, kalmar da za ka ji ita ce "pidozra", wato takardar tuhuma. A nan nake roƙon mai karatu ya riƙe harshensa. Pidozra ba hukunci ba ce. Bayanta sai a je kotu a yanke ko tsarewa ko beli, a gama bincike, a ba lauyoyin wanda ake tuhuma lokacin karanta kundin da kan kai mujalladi ɗari, sannan a fara shari'a, sannan ɗaukaka ƙara. A Janairun 2023 an kama mataimakin minista Vasyl Lozynskyi bisa zargin karɓar dala 400,000 a harkar sayen kayayyaki, har da janaretoci, a lokacin da gari ke cikin duhu. A Mayun shekarar aka kama shugaban Kotun Ƙoli kansa, Vsevolod Kniaziev, kan zargin dala miliyan 2.7. Hotunan damman kuɗi a kan kujera sun zaga duniya cikin awa guda. Tafiyar kotu kuwa ta hawainiya ce.

Na taɓa zama ina kallon wani zaman kotun a YouTube, don ana yaɗa da yawa daga cikinsu kai tsaye. Mai gabatar da ƙara yana tsakiyar karanta adadi sai jiniya ta tashi. Alƙali ya duba wayarsa, ya ce an ɗage sai an sanar da wucewar haɗari. Kowa ya tattara takardunsa. Bayan awa ɗaya da wani abu aka dawo, sai ga lauyan kariya ya nemi a ɗaga zuwa wata rana don lokacinsa ya ƙure. Haka kwanaki ke zubewa. Akwai kuma wata ƙofa da yaƙi ya buɗe wa masu wayo: doka ta ce idan an ɗauki wanda ake tuhuma aikin soja, kotu na iya dakatar da shari'arsa. Wasu da gaske suna fagen daga. Wasu kuma kakin suka saka suka zauna a ofis nesa da ƙarar bindiga, suna jiran wa'adin shari'a ya ƙare. In kana bin wata shari'a ka ga ta tsaya cak, wannan ne abu na farko da za ka duba.

Wani sabon abu da yaƙi ya kawo shi ne inda kuɗi ke zuwa. Dala miliyan 6 da aka kama a 2020, lokacin da aka yi yunƙurin sayen shugabannin NABU da SAPO, an miƙa su ga sojoji a 2022 da izinin kotu. An kuma riƙa mayar da kuɗin beli zuwa asusun sojojin ƙasar, masu amsa laifi ta hanyar sulhu suna haɗawa da gudummawa ga soja. Uwar ɗakina tana ganin wannan daidai ne, mota mota ce ko daga ina ta fito. Ni ina da ja. Ina tsoron ranar da mai kuɗi zai ɗauki gudummawar a matsayin farashin fita.

Tagogin da za ka leƙa da kanka

Ba sai ka zama detektif ba. Tagogi uku ne a buɗe ga kowa, kuma kowace sai da aka yi kokawa kafin a sake buɗe ta.

Ta farko Prozorro. Da yaƙi ya ɓarke an ba hukumomi damar ba da kwangila kai tsaye ba gasa, kuma sayayyar ma'aikatar tsaro ta shige duhu. A Janairun 2023 ɗan jarida Yuriy Nikolov ya wallafa wata kwangilar abincin sojoji inda aka sa ƙwai ɗaya hiribniya 17, alhali a shagunan Kiyef kusan 7 ake sayar da shi. Ma'aikatar ta ce kuskuren rubutu ne. Mataimakin ministan tsaro Vyacheslav Shapovalov ya sauka cikin kwanaki, a Satumba kuma aka sauya ministan, Oleksii Reznikov. Abin da ya fi sauka da naɗi muhimmanci shi ne majalisa ta tilasta a riƙa bayyana farashin kayan sojan da ba makamai ba. Har yau in wani ya faɗi farashin da ya wuce hankali, sai ka ji an ce ƙwan sha bakwai ne. Darasin ga mai bin diddigi: farashin harsashi na iya zama sirri, na dankali da safa ba shi da dalilin zama. Ka nemi farashin ɗaya-ɗaya, ka gwada da na kasuwa, ka duba yaushe aka yi wa kamfanin rajista da kuma sau nawa shi kaɗai ya shiga gasa.

Ta biyu rajistar bayyana kadara. An dakatar da wajibcin cikewa a Maris 2022, an rufe rajistar. A Satumban 2023 majalisa ta amince a dawo da cikewa amma a bar rajistar a rufe shekara guda. Koken jama'a a shafin fadar shugaban ƙasa ya wuce sa hannu 25,000 da ake buƙata cikin yini ɗaya, Zelenski ya ƙi sa hannu a dokar ya mayar musu, aka gyara, rajista ta buɗe a Disamba. An keɓe sojoji da wasu da bayyana sunansu zai jefa su cikin haɗari. Idan ka buɗe ta wani jami'i, kada ka tsaya kan albashinsa. Duba matarsa da sauran mutanen gidansa, duba motar da ya ce aro ce, ka jera shekara da shekara.

Ta uku rajistar hukunce-hukuncen kotu, wadda ita ma aka rufe a farkon yaƙi aka buɗe bayan 'yan watanni. Da lambar shari'a kana iya karanta abin da alƙali ya yanke, an sakaya sunaye.

Wa ke riƙe da NABU

Sai ka san wannan kafin ka dogara da ita. Tarayyar Turai ta ba Yukren matsayin mai neman shiga a Yunin 2022 da sharuɗɗa bakwai, naɗa shugabannin SAPO da NABU yana ciki. Asusun ba da lamuni na duniya ma ya ɗaura bashinsa da irin waɗannan sharuɗɗa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ta haka aka samu dokar Disamban 2023 da ta ƙara ma'aikatan NABU daga 700 zuwa 1,000, SAPO kuma ta zama mai cin gashin kanta.

Na ɗauka masu ba da kuɗin ne kaɗai katangar, sai Yulin 2025 ya gyara mini tunani. Ranar 21 ga wata jami'an SBU suka yi samame gidajen ma'aikatan NABU da zargin wasu na da alaƙa da Rasha. Washegari majalisa, da ƙuri'a 263, ta mayar da NABU da SAPO ƙarƙashin babban mai gabatar da ƙara na ƙasa, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa da amincewar majalisa. Zelenski ya sa hannu a daren. A wannan maraicen matasa suka cika dandalin da ke gaban gidan wasan kwaikwayo na Ivan Franko a Kiyef, da kwalayen da suka yayyaga suka yi rubutu a kai, haka ma a Lviv, Odesa, Dnipro da sauran garuruwa. Ita ce babbar zanga-zangar adawa da gwamnati ta farko tun shigowar Rasha, a ƙarƙashin dokar da ta ba hukuma ikon hana taro. A garinmu na tsaya daga gefe, don baƙo ne ni, na san iyakata. Uwar ɗakina kuwa ta yanki kwalin da aka kawo mana gilashi a ciki ta tafi da shi. Ranar 31 ga Yuli majalisar ta warware abin da ta ɗaura, da ƙuri'a 331.

Bayan wata uku da 'yan kwanaki, ranar 10 ga Nuwamba, NABU ta fito da binciken da ta sa wa suna Midas, na wata 15 da naɗar murya ta kusan awa dubu. A cewarta, wasu sun mayar da kamfanin makamashin nukiliya na gwamnati, Energoatom, saniyar tatsa, suna karɓar kashi 10 zuwa 15 daga 'yan kwangila, kuɗin da suka bi ta hannunsu sun kai kimanin dala miliyan 100. Wanda aka ce shi ne uban tafiyar, Timur Mindich, tsohon abokin kasuwancin Zelenski, ya bar ƙasar awanni kafin samame. Ministoci biyu sun rasa kujerunsu, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa Andriy Yermak ya sauka ranar 28 ga watan bayan an bincike gidansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dabarar. An yi wata ƙa'ida ta lokacin yaƙi da ta hana 'yan kwangila bin bashin irin wannan kamfani ta kotu, don kada a durƙusar da wutar ƙasa. Masu binciken suka ce ita aka mayar sanda: ka biya ko a riƙe kuɗinka, ba ka da inda za ka kai kuka. Da na karanta sai na ga mai kalandarmu ne sak, sifili kawai aka ƙara.

NABU ita ma ba ta rasa nata tabon ba. An yi badaƙalar fitar da bayanan bincike a 2024 har mataimakin shugabanta na farko ya rasa aikinsa, kuma shekara da shekaru tana kukan cewa sauraron waya sai ta bi ta na'urorin SBU. Don haka ko ita za ka ba bayani, ka ba da abin da ake buƙata, ka riƙe kwafinka, ka tambayi sunan detektif ɗin da ya karɓa.

Namu bai kai kotu ba. Bayan an kira ni na ba da bayani sau biyu, na biyun a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da fitilar waya saboda jiniya, sai ga akt ɗinmu ya fito da sa hannu, ba wanda ya ce mana komai. Kuɗin ya shigo bayan kwana tara. Da na koma ofishin da bazara kan wata kwangilar, wata mata na tarar a teburin. Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Na miƙa mata kwafi biyu, ta buga hatimi a nawa, na duba lambar da kwanan watan kafin in fita. Motar kuwa, tsohuwar a-kori-kura ce, an yi mata fentin kore a garejin wani maƙwabci, ta tafi gabas a watan Afrilu.